Neman tallafin digirin digirgir a kimiyyar zamantakewa: jagora ga wanda ba shi da uwa a gindin murhu

A shekarar 2019 wata ƙungiya a Birtaniya mai suna Leading Routes ta fitar da rahoton da ya tayar da ƙura a jami'o'in ƙasar. Daga cikin gurabe 19,868 na digirin digirgir da hukumar UKRI, mai ba da kuɗin bincike ta gwamnatin Birtaniya, ta ɗauki nauyinsu a shekarun karatu uku, daga 2016 zuwa 2019, guda 245 kacal suka je hannun ɗalibai baƙar fata. Tun daga lokacin jami'o'i da hukumomin bayar da tallafi suka shiga ware gurabe na musamman domin waɗanda aka bari a baya: baƙar fata, 'ya'yan talakawa, masu buƙata ta musamman, 'yan gudun hijira, da waɗanda su ne na farko a danginsu da suka taka jami'a. Wannan jagora ta fi mayar da hankali kan Birtaniya, domin can ne tsarin ya fi fitowa fili, amma za ta taɓo sauran ƙofofin da ɗalibin kimiyyar siyasa, nazarin al'umma, tattalin arziki, labarin ƙasa ko nazarin ci gaba zai iya ƙwanƙwasawa daga Kano, Maraɗi, Kumasi ko Garwa.

Mataki na farko: gano ko da kai ake

Nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata watanni. Ka ga sanarwa an ce gurbi ne na ɗalibai baƙar fata, ka ɗauka ai da kai ake. Sau da yawa ba haka ba ne. Jami'o'in Birtaniya suna raba ɗalibai gida biyu wajen biyan kuɗin makaranta: ɗalibin gida da ɗalibin waje. Ɗalibin gida shi ne, a taƙaice, ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin wanda ya zauna a ƙasar shekara uku kafin fara karatun, sai kuma wasu rukunai kamar wanda aka ba mafaka a hukumance. Mafi yawan guraben da aka ware don gyara rashin daidaiton launin fata na ɗaliban gida ne. Shirin Black Academic Futures da jami'ar Oxford ta ƙaddamar a 2020 misali ne, an gina shi ne domin baƙar fatar da ke zaune a Birtaniya. Bahaushen da aka haifa a Landan ko ya daɗe da takardar zama yana iya shiga irin waɗannan. Wanda ke Zariya da fasfo ɗin Najeriya, galibi ba zai iya ba.

A Amurka ma haka abin yake, har ya fi tsauri. Babban tallafin ɗaliban bincike na hukumar NSF, wadda ke ba da kuɗin binciken kimiyya, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Sannan bayan hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na watan Yunin 2023, wanda ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, shirye-shirye da dama sun sauya sharuɗɗansu ko sun rufe.

Don haka kafin ka karanta yawan kuɗin, ka gangara wurin sharuɗɗan cancanta ka amsa tambaya huɗu: wace ƙasa ake nema, wane matsayin biyan kuɗi ake nema, wane matakin digiri ake nema, kuma shin sai kana da gurbin karatu a hannu kafin ka nema. Idan ɗaya ya kayar da kai, ka wuce gaba. Kwamitoci ba sa sassauta waɗannan, komai kyan takardunka.

Ƙofar ESRC

Hukumar ESRC ita ce reshen UKRI mai kula da binciken tattalin arziki da zamantakewa. Ba ta ba ɗalibi kuɗi kai tsaye. Tana bi ne ta gamayyar jami'o'i da ake kira DTP, kuma tun 2024 guda 15 ne. Akwai White Rose da ta haɗa Leeds, Sheffield, York da wasu. Akwai NINE da ta haɗa Newcastle, Durham da jami'o'in Ireland ta Arewa. Akwai Grand Union ta Oxford, Brunel da Open University. Akwai Midlands Graduate School da Warwick, Birmingham da Nottingham ke ciki. Scotland kuma tana da tata gamayyar mai suna SGSSS.

Daga shekarar karatu ta 2021 aka buɗe wa ɗaliban waje wannan tallafi, amma da iyaka: kada su wuce kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka. Ke nan idan gamayya tana da gurbi 40 a shekara, abin da duk ɗaliban duniya ke takara a kai bai wuce 12 ba. Gasar tana da zafi, gara ka san haka tun farko.

Abin da ake bayarwa shi ne alawus na zama wanda ba a cire masa haraji, mafi ƙaranci fam 20,780 a shekarar karatu ta 2025/26, da ƙarin fam 2,000 ga mai karatu a Landan, sai kuɗin makaranta da ɗan abin gudanar da bincike. Ga inda gizo ke saƙa: UKRI kuɗin makaranta na ɗalibin gida kawai take biya, wanda a wannan shekarar fam 5,006 ne, alhali abin da ake cajin ɗalibin waje a jami'o'i da yawa ya haura fam 20,000. Wasu jami'o'in suna yafe ragowar, wasu ba sa yafewa, kuma a cikin gamayya ɗaya kana iya samun iri biyun. Ka rubuta wa ofishin gamayyar ka tambaya a fili ko jami'ar da kake so tana yafe bambancin, ka ajiye amsar a rubuce.

Tsawon tallafin ya danganta da horon da kake da shi. Mai digiri na biyu da ya ƙunshi cikakken horo kan hanyoyin bincike yakan samu shekara uku da rabi, ciki har da wata uku na aikin sanin makama a wata ma'aikata ko ƙungiya. Wanda ba shi da wannan horo ana iya ƙara masa shekara guda a gaba, ya yi digiri na biyu kan hanyoyin bincike sannan ya zarce. Kada ka ɗauki wannan a matsayin koma baya. Ga wanda digirinsa na biyu bai koya masa nazarin alƙaluma ko tsara hirar bincike da kyau ba, wannan shekarar ita ce mafi amfani a cikin tafiyar duka.

Hanyar shiga iri biyu ce. Ko dai ka kawo naka batun ka shiga gasa, ko ka nemi gurbi a wani aikin da malami ya riga ya tsara ya samo masa kuɗi. Irin na biyun ana tallata su a shafukan FindAPhD da jobs.ac.uk, kuma masu nemansu sukan yi ƙaranci idan aka kwatanta da na farko, saboda haka kada ka raina su. Gamayyoyin kuma suna da kason da suke warewa ga masu amfani da manyan hanyoyin lissafi da tarin bayanai, don haka wanda ya iya manhajar nazarin alƙaluma irin Stata ko R da gaske ya nuna haka a gaba-gaba.

Sauran ƙofofin waje

Tallafin digirin digirgir na Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, gwamnatin Birtaniya ce ke biya, kuma ɗaya daga sharuɗɗansa shi ne a ce ba za ka iya ɗaukar nauyin karatun da kanka ba. Yana biyan cikakken kuɗin makaranta da jirgi da alawus. Najeriya tana cikin ƙasashen da ake karɓa, Nijar da Chadi ba sa cikin ƙungiyar. Akan buɗe shi wajen Satumba a rufe a Oktoba. Kuskuren da ke kashe takardu a nan shi ne cike fom ɗin hukumar tallafin da ke Landan kaɗai. Dole wata hukuma mai gabatarwa ta tura sunanka, a Najeriya kuwa Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ce ke yin wannan, kuma tana da nata fom da nata wa'adi. Wanda ya cike ɗaya ya bar ɗaya bai nema ba.

Tallafin Gates Cambridge na jami'ar Cambridge, wanda aka kafa a 2000, yana ɗaukar kimanin mutum 80 a shekara daga wajen Birtaniya a kowane fanni. Clarendon na Oxford ba shi da fom na daban, duk wanda ya nemi gurbi kafin wa'adin Disamba ko Janairu na kwas ɗinsa ana duba shi. Hukumar DAAD ta Jamus mai ba da tallafin karatu tana karɓar 'yan Nijar, Chadi, Kamaru, Gana da Najeriya, amma bisa al'ada tana son kada digirinka na ƙarshe ya wuce shekara shida, kuma sai ka samo farfesan Jamus da ya amince a rubuce zai duba aikinka, ko gurbi a wani tsararren shirin digirgir.

Tsarin Amurka daban ne: kana neman gurbi a sashe, idan aka ɗauke ka a babbar jami'a, kuɗin yakan zo tare da gurbin, galibi na shekara biyar, a madadin koyarwa ko taimaka wa malami a bincike. Wa'adi yakan faɗo a Disamba. Sai dai tun 2025 an tsaurara ba da biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, har da hana wasu baki ɗaya, don haka ka duba matsayin ƙasarka kafin ka kashe kuɗin fom.

Ga mai yin digirinsa a gida

Ba kowa ke iya barin aiki da iyali shekara huɗu ba, kuma ba dole sai an fita ake yin bincike mai inganci ba. Shirin Next Generation Social Sciences in Africa na cibiyar binciken zamantakewa ta SSRC da ke New York, wanda gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi, an yi shi ne domin masu digirgir a jami'o'in Najeriya, Gana, Kenya, Tanzaniya, Uganda da Afirka ta Kudu, a kan zaman lafiya, tsaro da ci gaba. Yana da mataki uku: na tsara bincike, wanda aka saba ba da har dala 3,000, na shiga fili, har dala 15,000, sai na kammala rubutu. Ka nemi matakin da ya dace da inda kake. Wanda sashensa bai amince da tsarin bincikensa ba tukuna bai isa neman na shiga fili ba.

Commonwealth tana da wani tsari da ke ba wanda ya yi rajistar digirgir a ƙasarsa damar yin wata 12 a jami'ar Birtaniya ya dawo ya ƙarasa. Sharaɗinsa shi ne alaƙa ta gaske tsakanin malaminka na gida da na can, kowannensu ya rubuta goyon baya. Masu nazarin ɗan Adam da al'adunsa suna da gidauniyar Wenner-Gren, wadda ke ba da har dala 25,000 na aikin fili ba tare da duba ƙasar mutum ba, wa'adinta 1 ga Mayu da 1 ga Nuwamba. CODESRIA a Dakar, cibiyar IFRA a jami'ar Ibadan da LASDEL a Yamai wurare ne na samun horo, ƙananan tallafi a wasu lokuta, da sanin manyan masu bincike, abin da daga baya yake zama wasiƙar shaida mai nauyi.

Malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya suna da asusun TETFund ta hannun makarantarsu. A sani cewa asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, ya mayar da hankali kan karatu a cikin gida.

Jadawali da takardu

Domin fara karatu a Oktoba, aiki yana somawa ne wajen wata 15 kafin nan. Yuli da Agusta na karatu ne da tace batu. Satumba da Oktoba na tuntuɓar malamai. Nuwamba na gyaran tsarin bincike tare da malamin da ya karɓe ka. Wa'adin gamayyoyin ESRC yakan faɗo tsakanin Disamba da farkon Fabrairu, sakamako kuma wajen Afrilu. A yawancinsu neman gurbi a jami'a daban, neman kuɗi daban, kuma wa'adin gurbin yakan riga. Kana iya nema a gamayya fiye da ɗaya, amma a kowace gamayya galibi sau ɗaya.

Takardar cikakken sakamako ita ce ke cin lokaci. Ka neme ta tun Yuli, ta digirin farko da ta na biyu, domin a jami'o'i da yawa tana ɗaukar watanni. Idan da Faransanci ko Larabci take, sai an haɗa da fassarar mai fassara da aka amince da shi. Matakin da aka saba nema a digirin farko shi ne 2:1, wato maki 3.50 zuwa sama a ma'aunin 5.00 na Najeriya. Mai 2:2 bai fita ba idan digirinsa na biyu ya yi ƙarfi ko yana da ƙwarewar aikin bincike, amma ya faɗi hakan da kansa, kada ya bari kwamiti ya yi hasashe.

A batun Turanci, akasari ana neman maki 6.5 ko 7.0 a jarrabawar Turanci ta IELTS, sakamakon kuma shekara biyu yake aiki. Wasu jami'o'in suna karɓar sakamakon WAEC ko shaidar cewa da Turanci aka koyar da kai, wasu ba sa karɓa. Ka duba kafin ka biya kuɗin jarrabawa. Ka tabbata kuma sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fasfo da duk takardun makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari da ya fito a wata takarda ya ɓace a wata, yana iya tsayar da komai a matakin biza. Takardar rantsuwa daga kotu tana gyara wannan, a yi ta da wuri.

Samo malami mai duba aiki

A gasar ESRC, malamin da zai duba aikinka ba shaida ba ne kawai. Yakan rubuta wani ɓangare na takardar neman, shi ke kare ta a sashe, kuma ana ba da maki kan dacewarku. Takardar da ba ta da malami mai kishinta da wuya ta tsallake zagayen farko.

Hanyar samo shi ita ce ta karatunka. Ka duba maƙalu goma ko goma sha biyar da suka fi kusa da batunka a shekaru biyar da suka wuce, ka ga su wa suka rubuta, a wace jami'a suke, kuma ko jami'ar tana cikin wata gamayya. Kada ka tsaya kan manyan farfesoshi kaɗai. Matsakaicin malami mai neman ɗalibai yakan fi ba ka lokaci.

Saƙon imel ɗin kada ya wuce kalma 200. Kan saƙon ya faɗi batun da shekarar da kake son farawa. Jimlar farko ta ce kai wane ne da digirin da kake da shi. Jimla biyu su faɗi tambayar bincikenka. Jimla ɗaya ta ambaci wani takamaiman aikinsa da yadda naka ya ɗora a kai ko ya saɓa masa. Sai ka faɗi tallafin da za ka nema da wa'adinsa, ka tambaya ko yana karɓar ɗalibai. Ka liƙa tarihin karatunka da tsarin bincike na shafi biyu. Doguwar gaisuwa da kirari, wadda a wurinmu ladabi ce, a can tana binne saƙon. Ambaton sunansa daidai da muƙaminsa ya wadatar. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, sannan ka nemi wani. Saƙo ɗaya da aka watsa wa mutum talatin ana gane shi daga layin farko.

Tsarin bincike, inda ake ci ko a faɗi

Yawancin gamayyoyi suna iyakance shi tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, wasu ƙasa da haka. Babbar cutar da ke kama shi ita ce kawo matsala a maimakon tambaya. "Talauci a tsakanin mata a Arewacin Najeriya" matsala ce, kuma kwamiti ya san da ita. Ga yadda ake mayar da irinta tambaya. A farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, takardun kuɗi sun yi ƙaranci na makonni. Mata masu sana'a a cikin gida a Kano, masu ƙosai da ɗinki da kitso, da tsabar kuɗi suke zubin adashe. Tambayar sai ta zama: yaya ƙungiyoyin adashe suka ci gaba a lokacin, su wa suka koma tura kuɗi ta waya ko ta masu POS, kuma wannan ya sauya wanda ke riƙe da kuɗin mace a cikin gida? Yanzu akwai wuri, akwai lokaci, akwai mutane, akwai abin da za a iya ganowa. Ta kuma taɓa muhawarar da masana ke yi a duniya kan shigar da talakawa tsarin banki da ikon mata kan dukiyarsu. Wannan haɗin da muhawara shi kwamiti ke nema, domin ba Kano suke ba kuɗi ba, ilimin da za a ƙaru da shi daga Kano suke saye.

Bayan tambaya, sakin layi biyu su nuna abin da aka riga aka rubuta da giɓin da ya rage. Kada ka ce babu wanda ya taɓa bincike a kai. Kusan kullum akwai, kuma mai karanta takardarka yana iya zama shi ne ya yi.

Kashi ɗaya cikin uku na takardar, ko fiye, ya tafi kan hanyar bincike, kuma da lamba. A misalin adashe: hira da mata 40 a unguwanni uku da aka zaɓa bisa dalilin da za ka faɗa, hira da iyayen adashe 10, zama a wurin zubi na wata shida, da kwatanta abin da aka ji da alƙaluman binciken gidaje na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ka faɗi yadda za ka isa ga mutanen. Idan namiji ne kai kuma matan suna cikin kulle, ka ce za ka ɗauki mataimakiya mace, ka sa kuɗinta a lissafi. Ka faɗi yadda za ka nemi yardar wadda ba ta karatu, da inda za ka adana muryoyin da ka naɗa. Mai aiki da alƙaluma ya ambaci tushensu da suna, kamar Afrobarometer, binciken lafiya na DHS ko bayanan rikice-rikice na ACLED, ya nuna ya buɗe su ya ga abin da ke ciki. Mai buƙatar tsofaffin takardu ya ambaci Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko Arewa House.

Akwai wani tarko da ya shafi yankinmu musamman. Jami'o'in Birtaniya suna bin shawarar tafiye-tafiye ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsu wajen amincewa da aikin fili da ba shi inshora. Jihohi irin su Borno, Yobe, Zamfara da Katsina, da mafi yawan Nijar, sun daɗe a jerin wuraren da aka ce kada a je. Ko da garinku ne, jami'a tana iya hana ka zuwa a matsayin ɗalibinta. Tsarin da ya dogara kacokan kan zama a ƙauyen Zamfara zai sa kwamiti ya ga ba zai yiwu ba. Ka duba jerin, ka tattauna da malamin, ka rubuta mafita ta biyu a cikin takardar: hira da waɗanda suka yi hijira zuwa wani gari, aiki da abokan bincike na wata jami'ar gida, ko hira ta waya.

Ka rufe da jadawalin shekara-shekara da sakin layi kan wanda zai amfana da sakamakon, da suna: wace ma'aikata, wace ƙungiya, ta wace hanya. Kada ka ba wani ya rubuta maka, mutum ne ko manhaja. A ganawa za a tambaye ka dalilin kowane zaɓi.

Yadda ake faɗin inda aka fito

Fom da yawa yanzu suna da gurbin bayyana yanayin da ka yi karatu a ciki. Wasu sukan bar shi fayau don kunya, wasu su cika shi da roƙo. Duka biyun asara ne. Amfanin gurbin shi ne ya ba kwamiti ma'aunin karanta sakamakonka. Ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, da shekara: kai ne na farko a gidanku da ya shiga jami'a, kana koyarwa a firamare duk tsawon digirinka, yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 ya tsawaita karatunka, rikici ya raba ku da garinku, kin dakata shekara uku saboda haihuwa da reno. Giɓin da aka yi wa bayani ba ya cutarwa kamar wanda aka bari a rufe.

Sannan ka juya shi ya zama hujjar iya aikin. Jin Hausa, Fulfulde, Kanuri ko Zabarmanci, iya karanta ajami, sanin yadda ake shiga wurin mai unguwa ko majalisar malamai, shekarun da ka yi kana tattara bayanai wa wata ƙungiya, duk kayan aiki ne da ɗalibin da ya taso a Turai zai kwashe shekaru bai samu ba. A rubuta su a sashen hanyar bincike ma, ba a nan kaɗai ba. Ka kuma nuna ka san cewa zama ɗan gida yana da nasa haɗarin: mutane suna iya ɓoye maka abin da za su faɗa wa baƙo, don sun san danginka.

Masu buƙata ta musamman su sani ɗaliban UKRI suna da alawus na daban don kayan aiki da taimako. Mata kuma su sani akwai hutun haihuwa, mako 26 na farko da cikakken alawus, kuma ana tsawaita wa'adin tallafin.

Masu shaida da ganawa

Ana neman mutum biyu, wani lokaci uku. Ka zaɓi wanda ya karanta aikinka, ba mai babban muƙamin da bai san ka ba. Wasiƙar da ta ce ɗalibi ne mai ladabi da biyayya ba ta ƙara maki. Wadda ta ce kundinsa yana cikin uku mafi kyau a ajin mutum 60, ta bayyana abin da ya gano, ita ke aiki. Ka ba su mako shida, ka tura masu tsarin bincikenka da wa'adi, ka roƙi su yi amfani da imel na jami'a, domin wasu tsare-tsaren suna ƙin na Gmail da Yahoo. Su ne za su ɗora wasiƙar da kansu, don haka ka bi sawu cikin ladabi har ka ga alamar ta shiga.

Ganawa ta intanet takan ɗauki minti 20 zuwa 30. Ka shirya bayanin aikinka a minti uku, da amsar me ya sa wannan hanya, me ya sa wannan jami'a, me za ka yi idan fili ya rufe. Ka tanadi layin data na biyu da cikakken caji, ka lura da bambancin agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Najeriya da Nijar suna gaban Birtaniya da awa ɗaya, sauran watanni agogo ɗaya ne.

Bayan an ce an ba ka

Kafin murna ta yi nisa, ka yi lissafin abin da za ka biya tun kana gida. A Afrilun 2025 an sa kuɗin bizar ɗalibi fam 524. Kuɗin kiwon lafiya fam 776 ne a kowace shekara, kuma na duk shekarun ake biya gaba ɗaya, wato fam 3,104 na shekara huɗu. Ɗaliban digirgir suna cikin waɗanda har yanzu aka bari su tafi da iyali bayan dokar Janairun 2024 da ta hana yawancin ɗalibai yin haka, amma kowane mutum da nasa kuɗin. Mai mata da 'ya'ya biyu zai biya fam 12,416 na lafiya kaɗai, ban da biza, gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, da jirgi. Dokar kuma mata ɗaya ta sani. Tallafin ESRC galibi ba ya ɗaukar waɗannan, ko da yake wasu jami'o'in suna mayar da kuɗin ko su ba da rance, sai ka tambaya. Alawus na farko kuma ba ya shigowa sai ka isa ka yi rajista, saboda haka ka riƙe abin kama ɗaki da cefanen wata guda.

Idan aka sa ka a jerin jira, ka amsa cewa kana nan kana so, domin gurabe suna motsi har Yuni yayin da wasu ke zaɓar wani tayin. Idan aka ba ka gurbi babu kuɗi, kada ka sayar da gona ka tafi da fatan aikin awa 20 a mako da bizar ɗalibi ta yarda da shi zai riƙe ka, ba zai biya kuɗin makarantar ɗalibin waje ba. Ka nemi a ɗaga maka gurbin zuwa baɗi, ka roƙi malamin ya faɗa maka makin da kwamiti ya ba kowane sashe na takardarka, ka gyara mafi rauni, ka sake shiga gasar a Disamba da malamin da ya riga ya san aikinka.